Famfon da Yaya Bai Ƙarasa Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, makaniken manyan motocin dizal, a gefen wata hanyar daji mai nisa da gida. Bai yi jinya ba, bai ko kwanta ba. Ya rasu a kan aiki, yana cire wa motata iska, ni kuwa ina zaune a mazaunin direba, murfin inji kaɗai ne tsakanina da shi, ina jiran ya ce in murɗa makulli.

Yaya, tun daga ranar mutane ke zuwa gaisuwa, kowa da tambayarsa: yaya aka yi? Nakan ce lokaci ne ya yi, su ce haka ne. Amma abin ya ƙi barin ƙirjina. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da ka sani ba ma shiri da biro. Zan faɗe shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma kai nake faɗa wa.

Kai ka raine ni. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ban gama sanin dama da hagu ba, kai kuwa ka riga ka fara shiga ƙarƙashin mota. Da na tasa ka ja ni gareji da niyyar in gaje ka, ka kuma yi haƙuri da ni iyakar haƙuri. Notin da aka ce in kwance sai in ƙara ɗaure shi, wanda aka ce in ɗaure sai in karya. Wata rana ka karɓe sifanar daga hannuna, ka dube ni, ka ce, "Ƙarfen nan bai yi maka laifin komai ba, ka ƙyale shi." Washegari ka kai ni wurin wani tsohon direba abokinka. Tun daga nan aiki ya rabu tsakaninmu, kamar yadda kake faɗa wa mutane: ni in lalata, kai ka gyara. Duk gidanmu an san da haka. Ko ƙwan lantarki ne ya mutu, matarka takan ce, "Kada ku bari Direba ya taɓa, ku jira yayansa, ba mu shirya zaman duhu ba." Direba take kirana tun tana amarya, har 'ya'yanku suka tashi suna cewa Baba Direba.

Ga wanda bai san dizal ba, motar dizal ba ta jure datti, ba ta jure ruwa, ba ta kuma jure iska a hanyar mai. Filta ce ke tace man kafin ya isa inji. In ta toshe aka kwance ta aka ɗaura sabuwa, iska takan shiga bututun, motar kuwa ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar nan kaf. Akwai ɗan famfon hannu a jikin injin, akwai kuma ɗan noti a saman filtar. A sassauta notin, a yi ta danna famfon har kumfa ta daina fita, mai zalla ya biyo baya, sannan a ɗaure. Da baki abu ne mai sauƙi. Ni ma da baki na iya shi.

Ba ka taɓa ɗaura sabuwar filta a bushe ba. Sai ka cika ta da mai, man kuma sai ka tace shi da ƙyalle mai laushi. Nan rigimarka da matarka ta samo asali, domin a duk faɗin gidan ba ƙyallen da ya yi maka sai mayafinta. Ta shanya shi a igiya, ta shiga ɗaki, ta fito babu. Sai da ta gama zargin iska da awakin maƙwabta sannan ta same shi a akwatin kayan aikinka, an yanka shi gida-gida, yana warin dizal. Ranar har gareji ta bi ka. Kana ƙarƙashin mota ka leƙo da kai, ka ce mata ai girmamawa ce, ƙyallen kowa ba ya tace mai kamar nata. Ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta ƙwace mata. Daga baya duk lokacin da ta yi sabon mayafi, da kanta take ninke tsohon ta saka maka a akwatin.

Tafiya da kai kuwa wahala ce, wannan kowa ya shaida. Ba ka iya wuce motar da aka buɗe wa murfi a gefen titi. Sai ka dafa mini kafaɗa ka ce, "Ɗan tsaya mu gaisa." Gaisuwar nan takan cinye yini. Ranar ɗaurin auren ƙanwarmu, kai ne waliyyi, mun fito da farar rigarka fes, muka tarar da wani baƙon direba zaune a inuwar motarsa ya haɗa kai da gwiwa. Ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa. Da hannu kuka yi magana, ya nuna maka tanki, ka nuna masa filta, kafin in ankara ka naɗe hannun riga. Da bakinka ka zuƙo masa mai daga tiyo. Muka isa an watse, Kawu ya tsaya a madadinka, rigarka kuwa ba ta sake fita taro ba. Ƙanwarmu ta yi shekaru tana yi maka gori. Ran nan a zaman makoki ta sake tayar da labarin, ta fara da dariya, ba ta iya kai shi ƙarshe ba.

Doka ɗaya gare ka, kuma ba ka taɓa sassauta ta ga kowa ba. In ka ɗaga murfin inji za ka cire iska, direba ya hau ya zauna, hannunsa a kan cinya. Ba ya taɓa makulli, ba ya saukowa, ba ya tambaya, sai ya ji ka ce, "Murɗa!" Rabin dokar hannunka na hagu ne ya kafa ta: kana saurayi wani direba mai gaggawa ya tayar da inji hannunka na kusa da fanka, ta tafi da yatsu biyu. Ɗaya rabin kuwa halinka ne. Kakan ce direba in ya sauko ƙasa malami yake zama, ya tsaya a kanka yana koya maka aikin da ya gagare shi. Murfin injin motata in an ɗaga shi yakan rufe gilashin gaba ruf, saboda haka shekara da shekaru ban taɓa ganin yadda kake wannan aikin ba. Ji kawai nake yi. Na san sautin famfon lokacin da yake fanko, ba nauyi. Na san lokacin da kumfa ta fara tsartuwa, na san yadda sautin ke yin nauyi in mai ya cika hanya. Na kuma san surutunka, domin ba ka iya aiki da baki a rufe. Tsohuwa kake kiran motar, kana lallashinta: "Tofar, Tsohuwa, tofar da kumfar nan. Ba ita nake so ba, mai nake so. Yauwa, kin fara nauyi. Tsaya in ɗaure miki." Nakan zauna a sama ina dariya ni kaɗai.

Ranar Litinin na ɗauko buhunan hatsi daga wasu gonaki na can ciki, a hanyar da mota ba ta cika bi ba. Man da aka zuba mini ashe da ruwa da laka a ciki. Motar ta fara tari, ƙarfinta ya ragu, ta zo tsakiyar wani kwari mai yashi ta mutu. Na yi abin da kowane direba ke yi, na yi ta murɗa makulli har batir ya fara nishi. Waya ba ta kamawa a wurin sai an hau saman kaya, na hau na kira ka. Ba ka ce komai ba sai, "Cire hannunka daga makullin nan, ga ni nan zuwa." Washegari ka samu motar da ke shiga yankin sau ɗaya a mako, ta sauke ka da yamma liƙis da akwatinka da sababbin filtoci da jarkar mai mai kyau, ta yi gaba.

Da safiyar Laraba ka ƙi cin komai. Kana ta murza kafaɗarka ta hagu, ka ce laifin gadon da ke bayan kujerata ne, wai na yara ne ba na manya ba. Ka gwada batirin, ka harare ni, ka ce na bar maka abin murɗawa ɗaya, in Allah ya so biyu, kuma mota mai kaya a cikin yashi ko duk garin za a tara ba ta turuwa. Ka zubar da gurɓataccen man, na riƙe maka jarka kana tace mai kyau da mayafin, ka cika filtar, ka shafa wa robarta mai da ɗan yatsa. Sannan ka ce, "Hau."

Na hau na zauna, hannuna a kan cinya. Famfon ya fara, fanko, kamar kullum. Sai dai ya daɗe a fanko, ya ƙi yin nauyi. Na kuma lura ba ka surutu. Sau ɗaya na ji ka ce, "Tsohuwa," ba ka ƙarasa ba. Sautin ya riƙa raguwa, tsakanin dannawa da dannawa yana ƙara nisa, har ya tsaya. Na ce sifana kake nema. Na ji ta faɗi ta bugi ƙarfe, na ce ai kakan yar da ita. Na ci gaba da jira. Wani ƙuda yana ta bugun gilashi, ina kallonsa. Can na karya dokar, na ce, "Yaya?" Shiru. Na sauko na zagayo, na same ka zaune a ƙasa ka jingina da tayar gaba, kanka a sunkuye kamar mai hutawa. Na kama hannunka, da ɗuminsa, amma kai ba ka nan.

Ban san tsawon zaman da na yi a kujerar nan ba. Na yi ta ƙoƙarin auna shi, wani lokaci in ga ɗan kaɗan ne, wani lokaci in ga ya isa mutum ya yi kira, ya sake kira, ya gaji.

Akwai 'yan gidaje kusa da kwarin, da wani dattijo da ke kawo mini ruwa tun ranar da motar ta mutu. Ihuna ya fito da su. Dattijon ne ya rufe maka ido, ya sa aka ɗauke ka zuwa inuwar wata bishiya, ya lulluɓe ka da mayafinsa. Na hau saman kaya na kira Kawu. Ina cikin faɗa masa na ji an fizge wayar, sai muryar matarka: "Direba, ka kawo mini shi. Kada ka bar mini shi a daji." Da Kawu ya karɓa ya ce za su nemi mota, amma kafin a samu wadda za ta yarda ta shiga hanyar nan har ta iso, duhu ya yi, dawowa kuma sai gobe.

Dattijon ya ja ni gefe, ya yi magana a hankali. "Ɗana, ka ga zafin da ake yi, kuma haƙƙin mamaci ne a gaggauta suturta shi. Duk abin da 'yan uwansa za su yi masa, mu ma za mu yi masa. Amma ka ce matar ta roƙa. Ka gwada motarka zuwa azahar. In ta tashi, Allah ya kai ku lafiya. In ba ta tashi ba, ka bar mana shi." Ya ce ƙasar wurin tana da tauri, saboda haka zai sa a fara haƙa kabari tun yanzu, ba don su matsa mini ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban kuma gani ba har yau.

Haka na taka tayar da ka jingina da ita, na leƙa cikin injin. Ga sabuwar filtar, fara sol, ga shatin hannunka na hagu a jikinta da baƙin mai, yatsu uku. Ga notin a sassauce yadda ka bar shi. Na ɗauko sifanar daga cikin yashi, na ɗora tafin hannuna a kan famfon, na fara dannawa. Ban san lokacin da bakina ya fara ba, sai ji na yi ina cewa, "Tofar, Tsohuwa, tofar da kumfar nan." Ta tofar kuwa. Kumfa ta yi ta fita, fara, tana tsartuwa, ba ta da niyyar ƙarewa. Daga bayan bishiyoyin ina jin diga tana sara ƙasa. In na danna, ta sara. Na yi ƙoƙarin sauya saurin hannuna don kada su riƙa haɗuwa, suka ƙi rabuwa.

Da hannuna ya gaji, rana kuma ta taso tsakiya, sai haƙurina ya ƙare. Na ce wataƙila haka nan ya isa. Na ɗaure notin, na hau da gudu na murɗa makulli. Injin ya juya da ƙyar, ya yi tari, ya yi shiru. Batirin ya yi wani irin nishi da kowane direba ya san ma'anarsa. Na sauko na zube a yashi, daidai inda na same ka, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na dubi inuwar bishiyar na ce, Yaya, ka ga abin da ka jawo, ka hana ni taɓa sifana, yanzu ga ni ga ta.

Daga nan ƙasa ne na ga wurin da yashin ya jiƙe. A ƙarƙashin filtar akwai ɗan kofi da ke tara ruwan da aka raba da mai, a gindinsa kuma akwai ɗan abin murɗawa da ake buɗewa a zubar da ruwan. A buɗe yake. Mai na ɗiga ta nan, iska na shiga ta nan. Ko kwana za a yi ana danna famfon ba zai yi nauyi ba.

Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Kai ne mutumin da ke dawowa daga ƙofar gida don ya sake taɓa notin da ya san ya ɗaure. A duk rayuwarka ba ka taɓa barin wannan abin a buɗe ba, ko a gaggauce, ko da zazzaɓi. Ashe tun kafin ka ce in hau, ciwon ya riga ya kama ka. Ashe duk famfon da nake ji daga sama, da hannun da ke mutuwa kake yin sa, kana fama da ƙofar da ka manta ka rufe, kuma ba ka kira ni ba. Da yatsa biyu na rufe shi. Bai ma buƙaci sifana ba.

Na sake sassauta notin na koma kan famfon. Kumfar ta fito, ta ragu, ta fara haɗuwa da mai, sannan mai zalla ya biyo, mai haske, yana gangarowa a kan shatin hannunka. Famfon ya yi nauyi a tafin hannuna, nauyin da na sani da kunne ban taɓa sani da hannu ba. Na ɗaure. Sai na tuna in ana murɗa makulli nakan ji famfonka yana ci gaba a ƙarƙashin ƙarar, wato aikin na mutum biyu ne. Murɗawa ɗaya ta rage mini, ba zan yi wasa da ita ba.

Na je na samu dattijon yana zaune a gefenka yana jan carbi. Na ce ina so ya hau ya riƙe mini makulli. Ya ce shi ko keke bai taɓa tuƙawa ba. Na ce ba tuƙi zai yi ba. Na tabbatar giya ba ta ciki, na sa duwatsu a tayoyi, na taimaka masa ya hau, ya tattara rigarsa ya zauna a bakin kujera. Na nuna masa yadda zai murɗa, da yadda zai saki in ta kama. Na ce, "Baba, hannunka a kan cinya. Kada ka taɓa, kada ka sauko, sai ka ji na ce."

Na koma bayan murfin na danna famfon har ya ƙi dannuwa. Na yi bisimilla, na buɗe baki na ce, "Murɗa!" Wallahi, Yaya, muryar da ta fito ba tawa ba ce. An sha cewa muryoyinmu na kama a waya, ban taɓa yarda ba sai ranar. Har waiwayawa na yi wajen bishiyar. Injin ya juya a hankali, ya sake juyawa, ya yi tari, farin hayaƙi ya fita ta salansa, ya yi kamar zai mutu, ina ta dannawa ina roƙon Allah, sai ya kama. Duk motar ta girgiza. Digar da ke bayan bishiyoyi ta yi shiru. Dattijon ya sauko yana ta kabbara, hawaye na bin gemunsa.

Mun yi azahar injin na aiki, domin ban yarda in kashe shi ba. Muka kwantar da kai a gadon nan da ka raina, muka tokare ka da tsummoki don kada ka motsa. Na ba masu haƙan haƙuri kan wahalar da suka sha, ramin ya riga ya kai ƙugu. Dattijon ya ce, "Ka tafi, ɗana. Ramin ba na yayanka ba ne, shi ya sa. Mai shi na nan tafe, wataƙila ma ni ne." Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba. Allah ya saka masa da alheri, shi da mutanensa.

Ni da kai kaɗai muka yi tafiyar nan. Duk ramin da na faɗa sai in ce, "Sannu, Yaya." Kunnena na kan injin, ina jiran tarin farko. A wani hawa ya ɗan ja baya, na roƙe shi da duk kalmomin da na taɓa ji a bakinka, ya haye. Na kawar da madubin ciki don kada in riƙa ganin mayafin da aka rufe ka da shi, can kuma na mayar da shi, domin rashin ganinka ya fi tsoratar da ni. Ban tsaya ko'ina ba. Na wuce motoci a gefen titi da murfinsu a buɗe, kafaɗata tana jiran hannunka.

Tun ranar ban koma daidai ba. Da safe nakan hau mota in zauna, hannuna a kan cinya, in daɗe ban taɓa makulli ba. Abokan aiki sun ɗauka addu'a nake yi, na bar su a haka. Keken ɗinkin maƙwabcinmu in ya rage gudu sai in bar abin da nake yi in kasa kunne. Wani likita da ya zo gaisuwa ya ce zuciya ce, irin wadda ko a gadon asibiti ta zo ba ta jiran kowa, ko na sauko da wuri ba abin da zan iya. Na gode masa, na kuma san gaskiya ya faɗa, amma shi bai ji famfon yana raguwa ba. Abokinka na gareji ya ce bayan irin man da motar ta sha ya kamata a sake canja filtar. Kullum ina ce masa gobe. Shatin hannunka na nan a jikinta, ƙura ta fara hawa kansa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne isowarmu gida, shi ya sa na bar shi ƙarshe. Alhamdu lillahi, mun iso da sauran rana. An yi maka wanka a ɗakinka, an yi maka salla a ƙofar gidanka, an kai ka kusa da mahaifinmu kafin duhu ya rufe. Amma kafin duk wannan, da na karyo kwanar layinmu na tsaya, maza na zaune a tabarmi sun fara miƙewa, sai ga matarka ta fito da gudu, ba takalmi, mata na riƙo ta tana fizgewa. Na sauko. Abin da na gani a fuskarta murna ce. Tun daga bakin titi ta jiyo ƙarar motar ta gane ta. Ta san motar ta mutu a daji, ta kuma san mutum ɗaya ne a duniya zai iya tayar da ita a can. Duk yinin da ake ta ba ta haƙuri, ita a ranta cewa take suma ka yi, Direba ne ya ruɗe.

Ta leƙa kujerar gefe ba ta gan ka ba. Ta juyo gare ni.

"Wa ya tashe ta?"

Na ce, "Ni ne."

Ta dubi hannuwana, baƙi ƙirin da mai har gwiwar hannu. Ta dubi sifanarka da ke leƙowa daga aljihun rigata. Murnar ta sauka daga fuskarta a hankali, ina kallo.

"Kai?" ta ce. Sannan, ƙasa-ƙasa, "To, ashe da gaske ne."

Ta zauna a nan ƙasa, a gefen taya. Ni kuma na miƙa hannu na kashe injin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka, waɗanda daga yau nawa ne; ga Kawu da ƙanwarmu da sauran dangi; ga mutanen gareji; da kuma direbobin da ka tsaya wa a hanya, waɗanda da yawansu ba za su taɓa jin labarin nan ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya sa duk wanda ka fitar daga daji ya zama hujja gare ka ranar da ba mai tsaya wa wani. Allah ya sa Aljanna ce makomarka, ya kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Ke kuma, matar yayana, kin ce in kawo miki shi, na kawo. Na so a ce wata amsa na ba ki a ƙofar gidan nan, amma ba ni da wata. Allah ya ba ki haƙurin ɗaukarta. Amin.